Kiran da Ba Mai Shi

Malam Nagoda mutum ne da ko gaisuwa sai ya bi ta daki-daki. Shekara shida muka yi a gidan haya ɗaya a Tudun Wada, ɗakina yana kallon nasa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, abin har haushi yake ba ni. Kullum da safe sai ya hau basfarsa ya nufi Samaru, inda yake kula da kwamfutar jami'a, wadda aka ce ita kaɗai ta cika ɗaki.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka sa mana tarho guda a baranda, mu ɗaki huɗu. Shi ya tsara yadda za a yi. Ya ce a wurin aikinsa, abin karanta kati da abin buga takarda da na faifai dukansu ta waya ɗaya suke kiran zuciyar na'urar. In kira ya zo ba ta san mai shi ba, sai ta ajiye aikinta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, kai ne? Mu ma haka, wanda ya ɗauka ya bi ƙofa-ƙofa.

Na ce, "In ba wanda ya amsa fa, Malam?"

"In abin ya yawaita sai ta toshe layin, kada ya hana ta aiki. Ni na sa mata wannan ƙa'idar."

Yana da ɗa guda, Salmanu, wanda ya bi 'yan uwansa samari Ikko lokacin da jiragen siminti suka cika tashar ruwa. Wasiƙa ɗaya ya aiko. Nagoda ya mayar da amsa, ya rubuta lambar tarhon nan sau biyu don kada tawada ta goge. Daga nan shiru.

Da damina ta kama sai tarhon ya tsiri wani hali. Ya yi ta ƙara, ka ɗauka, ba kowa sai shuuu. A bi ƙofofi, kowa ya ce ba ya jiran kira. Wata rana sau uku ina barin tuwo a wuta. Na tare shi na ce ai ga ƙa'idarsa ta zo gida, a cire wayar mu huta.

Ya ce, "Talatu, na'ura ba ta toshe layin da aka amsa. Daga yau in an ji shiru, nawa ne."

Haka kuwa aka yi. In yana gida sai ya fito, ya gyara hula, ya karɓa da hannu biyu. Ya yi sallama, ya ɗan saurara, sannan ya shiga ba shirun nan labari: an zuba kwalta a hanyar Hanwa, gwandar da ka shuka ta yi 'ya'ya, ciwon ƙafata da sauƙi. Ina jin sa daga madafa, tausayi da takaici suna cina.

Ni da son gyara, na je na kawo masu aikin waya ba tare da na gaya masa ba. Suka hau falwaya, suka tarar ruwa ke shiga mahaɗar wayoyin, suka naɗe ta. Da la'asar ya dawo, na tare shi tun bai kafe basfa ba, ina ta rawar kai.

"Malam, ashe ruwa ne! Ba wanda yake kira."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na sani, Talatu. Ai irin aikina ne. Tun ranar farko na sani."

Tarhon bai sake ƙarar banza ba. Shekara uku muka ƙara a gidan, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya bi ƙofofi yadda aka saba. Ƙofarsa ce ta huɗu, kiran kuwa kullum yakan sami mai shi kafin a kai gare ta. In na wuce nakan hange shi tsaye bayan labule, ya riga ya sa hula.