Tuwon Da Na Ci A Tsaye

Wata bakwai ban ce uffan a nan ba. Waɗanda aka gaya wa ina Kano fataucin rake, ku yafe mini, ni na shirya ƙaryar.

Jini na fara gani a bayan gida. Na ce basir ne, na shekara ina shan saiwoyi, daga Kurni har Tsauni ba mai maganin da bai san ni ba. Sai da wando ya daina tsaya mini a ƙugu, matata Rabi ta tasa ni gaba zuwa asibitin Damagaram.

Aka yi radiyo, wato hoton ciki, aka yanki 'yar tsoka don gwaji. Likita ya ce, "Alhaji, sankara ce a ƙarshen hanji. Ka yi jinkiri, amma za mu yi aiki."

Na tsorata ƙwarai. Shanun nomana suka tafi kasuwa.

Da wuƙar kuran, wato ta lantarki, aka yi aikin, tana yanka tana ƙone jijiya don kada jini ya zuba. Aiki ya yi kyau. Ɗinkin ne ya buɗe daga baya, daidai wurin da mutum ke zama.

Kowace safiya pansama: a wanke, a cusa auduga, ina cizon matashi.

Na dawo gida Matamaye a ɓoye. Shekara ashirin muna ciyayya a ƙofar gidan maƙwabcina Malam Idi, mu biyar, kowa da kwanonsa bayan Magariba. Yanzu zama ya gagare ni, ga kunyar faɗin inda ciwon yake. Na ce wa Rabi, duk wanda ya yi sallama, ban dawo ba.

Wata biyu ina cin tuwo a tsaye ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu ta katanga. Ba wanda ya zo dubiya, don ba wanda ya sani. Kaɗaicin ya fi ciwon cin raina.

Rannan sai muryar Malam Idi a zaure: "Alhaji, Kano ce ta matso bayan katangata? Kullum ina jin tarinka."

Na fito, na tarar da su huɗun, na faɗa musu komai, har batun zaman.

Malam Idi ya naɗe tabarma, ya jera kwanuka a bakin dakali. Dattawa biyar muka ci tuwo a tsaye, masu wucewa na kallo.

Na gode wa Allah, da likitoci, da Rabi. Wanda ya ga jini, ya tafi asibiti, kada ya yanke wa kansa cewa basir ne. Kada kuma ya ɓoye wa mutanensa.

Ciwo ya rufe. Jiya aka shimfiɗa tabarmar, su huɗun suka tsaya sai da suka ga na zauna.