Sabitu Baduku da Jar Fatar Akuya

Duk wanda ya daɗe a Ƙofar Dumi ya san rumfar Sabitu baduku, ko da kuwa bai taɓa sayen komai a wurinsa ba. Warin fata da man gyaɗa ne ke fara tarar mutum tun daga bakin lungu. A nan ya gaji mahaifinsa, a kan katako ɗaya, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda yanka. Yana ɗinka takalma da jakunkuna da kuben wuƙa, ga gafakar Alƙur'ani da malaman unguwa ba sa yarda wani ya yi musu sai shi. Mutum ne mai surutu. In yana aiki bakinsa ba ya hutawa, ko da mai saye ko da fatar da ke hannunsa.

'Ya'yansa maza babu wanda ya zauna a rumfar. Ɗaya ya kama tuƙin mota, ɗaya ya tafi Kaduna. Wanda Allah ya kawo masa a ƙarshen shekarunsa wani dattijo ne, Irmiya, da ya yi ritaya daga aikin sakatariya. Gyaran bel ya kawo shi ranar farko, sai ya tsaya kallo har la'asar. Daga nan ya riƙa zuwa duk Asabar daga Yalwa a kan tsohon babur ɗinsa. Ba neman abinci yake yi da dukancin ba, sha'awa ce kawai da gudun zaman banza.

Sabitu ya koya masa kamar mai koya wa ɗan cikinsa, har da faɗa.

"Irmiya, wuƙar nan ba ta da kaifi. Wuƙa dakusasshiya ita ke yanke mutum. Wasa ta tukun."

"To, Malam."

"Kuma ka fere bakin fatar kafin ka ninka, in ba haka ba ɗinkin zai yi tudu. Zaren nan ka goga masa kakin zuma? Ban ga alama ba."

Ya nuna masa yadda ake huda da basilla a jere, yadda ake yayyafa wa fata ruwa kaɗan ta yi laushi kafin a yi mata zane, yadda ake jiƙa karan dafi da kanwa a samu ja mai kyau. Irmiya yana da haƙuri amma hannunsa na biro ne, yana saurin mantuwa. Sabitu ya kan ce masa kada ya damu, akwai sauran lokaci.

Wata safiya da damina, yana cikin alwala, buta ta kuɓuce masa. 'Yarsa Fati, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta, ita ta same shi a jingine da bango, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ta ɗan dawo daga baya, yana ja da sanda. Hannun bai dawo ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne magana. Yana jin duk abin da ake faɗa, ya san amsar sarai a zuciyarsa, amma in ya buɗe baki sai wata kalma dabam ta fito. Yawanci "ruwa" yake cewa. Ko sallama aka yi masa, "ruwa".

Rumfar ta zauna a rufe. Da Fati ta je ta buɗe, fatu da yawa sun yi fumfuna saboda laima. Ta kwaso abin da ya tsira ta zube a zaure gabansa. A ciki akwai wata jar fatar akuya da ya rina da hannunsa, ya ajiye don ya ɗinka wa Fati jakar ratayawa, tun da tata ta roba ta yage. Ya daɗe yana kallon fatar.

Irmiya bai daina zuwa ba. Wata Asabar ya ga fatar, Fati ta gaya masa abin da aka ajiye ta dominsa.

"Malam, ka bar ni in ɗinka mata a gabanka," in ji shi. "Kai ne ido, ni ne hannu."

Sabitu ya gyaɗa kai. Rabonsa da jin daɗi irin na ranar tun kafin ciwon. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo katakon. Irmiya ya wasa wuƙa ba tare da an ce masa ba, ya fitar da gaban jakar da bayanta daidai. Sai aka zo kan igiyar ratayawa. Ya juya ragowar fatar, ya ɗora ma'auni a gefen cikin akuyar, inda ta fi laushi da faɗi.

Nan take Sabitu ya ga kuskuren. Fatar ciki miƙewa take yi. Igiya daga gadon baya ake fitar da ita, a bi tsawon dabbar. Wannan yana cikin abubuwan da bai kai ga koya masa ba. Ya ɗaga hannun hagu, ya buga tabarma.

"Ruwa," ya ce. "Ruwa!"

"Fati, kawo wa Baba ruwa," in ji Irmiya.

Sabitu ya girgiza kai, ya nuna fatar. Irmiya ya yi murmushi, ya ce ai ya tuna, a yayyafa mata ruwa ta yi laushi. Ya tsoma yatsu a kofin da Fati ta kawo, ya yarfa. Sabitu ya yunƙura zai janye fatar, jikinsa ya rinjaye shi ya kife gefe. Suka taru suka tashe shi, Fati tana goge masa baki da gefen mayafinta.

"Baba, ka kwantar da hankalinka, zai yi a hankali."

Sabitu ya sake gwadawa. Yana ganin kalmar "baya" kamar ya miƙa hannu ya ɗauko ta, amma harshen ya ƙi. Yana kallo wuƙar ta bi gefen cikin tun daga sama har ƙasa. Hawaye suka zubo masa, Irmiya ya ɗauka na farin ciki ne, shi ma ya share ido.

Jakar ta yi kyau, ɗinkin ya tafi a jere. Fati ta riƙa zuwa da ita Kasuwar Muda Lawal cefane. Kafin a girbe gero igiyar ta miƙe ta zama siririya, jakar tana dukan gwiwarta. Ta ƙulle ta a tsakiya, daga baya ta tsinke a wajen ƙullin. Da Irmiya ya gani sai ya yi ta juya ta a hannu, ya rasa inda ya yi kuskure. Ya durƙusa gaban Sabitu.

"Malam, ranar nan akwai abin da kake son gaya mini, ko?"

Sabitu ya gyaɗa kai.

"Zaren ne? Ko hudar ce ta yi kusa da baki?"

Ya girgiza kai. Ya ɗaga hannun hagu yana son taɓa gadon bayansa, hannun ya tsaya a kafaɗa. Irmiya ya ce ko kafaɗar ce ke ciwo, ya matsa ya shiga danna masa a hankali. Sabitu ya rufe ido ya ƙyale shi.

Bayan Kirsimeti 'yar Irmiya, Juliana, ta zo ta tafi da mahaifinta Jos saboda shi ma ƙafafunsa sun fara kumburi. Da yake dama haya Sabitu yake yi, mai rumfar ya ba da ita ga wani mai cajin waya. Yanzu da hantsi Fati takan fito da Sabitu ƙofar gida ya sha iska. Mutane suna wucewa da takalma da jakunkuna, shi kuwa idonsa na kan ɗinkinsu, har su sha kwana.