Ruwan Yaya Sahabi ya tsaya a Yawuri

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sahabi makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Ni ba marubuci ba ne. Kifin banda nake sayarwa a kasuwar Yelwa, kuma a aji huɗu na sallami boko. Amma bana na ga abin da ya hana ni yin shiru.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin firamare ne a ƙauyenmu da ke bakin tafki, cikin ƙasar Ngaski, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa. Yana ɗan yaye aka tashe su daga tsohon garinmu lokacin da aka datse ruwa a Kainji. Har Inna ta rasu, in ta shiga jirgi takan nuna wani wuri a tsakiyar tafki ta ce nan ne tsamiyar ƙofar gidansu. Yaya yakan ce abin kunya ne ruwa ya cinye garin ubanka, kai kuwa ko inda ya fito ba ka sani ba.

Shi ya sa ya gina taswira a filin makaranta. Ba ta takarda ba, ta siminti, faɗinta ya kai ɗaki biyu. Ni na yi masa jigilar yashi ina saurayi, ina yi ina ƙunƙuni. Ya tada tsaunukan ƙasar Gini a gefe guda, ya ɗaga tudun Jos, ya kwantar da sauran ƙasa a gangare har bakin teku. Da cokalin Inna ya haƙa hanyar kogin Kwara, wanda littafi ke kira Neja, tun simintin yana ɗanye. Manyan biranen ƙasashe kuwa murfin kwalba ya danna musu: Konakiri, Bamako, Yamai, Legas. Ranar da gwamnati ta koma Abuja, sai da ya ɗauko guduma ya cire murfin Legas ya dasa a tsakiya, yana cewa ai shi ma ya yi ƙaura.

Darasinsa buta ce. Yara su kewaye, ya tsiyaya ruwa a kan tsaunin Gini, su bi shi da ido suna kiran sunayen garuruwa da ƙarfi. A ƙasar Mali ya bar wani ɗan kwari ya cusa tsumma a ciki. Ruwa ya iso nan sai ya tsaya, tsumma ya sha ya ƙoshi, can sai ruwan ya ɓullo a hankali ya nufo Yamai, ya sauko Yawuri. Nan zai ɗaga kai ya ce, “To, ja’irai, kun ga baƙin ruwa.”

Duk ɗan bakin gulbi ya san cika biyu muke yi a shekara: farin ruwa mai laka da damina, da baƙin ruwa mai tsabta da ke zuwa lokacin sanyi, alhali ko ɗigo bai sauka daga sama ba. Kakanninmu sun san zuwansa, amma Yaya ne ya nuna mana cewa daminar Gini ce ta makara a fadamun Mali, ta ajiye lakarta can, sannan ta iso mu. Ni da ban iya haɗa baƙi da kyau ba, wannan ya zauna mini daram.

Tun da ya rasu, duk lokacin da baƙin ruwa ya iso nakan je makarantar da buta. In share taswirar, in sa sabon tsumma a Mali, in zuba ruwa, in yi masa addu’a in koma harkata. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taɓa tambayata dalili.

Bana na je na tarar an kewaye makarantar da katanga. Ban ga laifin katanga ba. Tun da aka sace ɗalibai a Birnin Yawuri, kowane uba da fargaba yake sallamar ɗansa da safe. Amma magina sun rasa wurin kwaɓa siminti a duk faɗin filin nan sai kan taswirar Yaya. Sun kwaɓa, sun bar saura ya daskare. Daga Gini zuwa Yawuri ya cike hanyar ruwa, daga nan zuwa teku kuwa ya rufe komai ruf, kamar ba a taɓa yin ƙasa a wurin ba.

Na sami birkilan yana wanke cebur. Ya ce, “Haba baba, mi ne na tada jijiyar wuya? Mu daɓe muka gani, mun ɗauka shanyar gero ake yi kai.” Hedimastan, yaro ne mai ladabi, ya fito yana ba ni haƙuri, ya ce yanzu ai duk wannan yana cikin waya. Na tambaye shi daga ina baƙin ruwa ke zuwa. Ya ce yana jin daga dam ake sako shi. Dam ɗin Kainji da ke ƙasa da mu. Da Yaya na raye da ya miƙa masa buta ya ce, “Malam, bismilla, sa ruwan nan ya hau tudu mu gani.”

Ban zarge shi ba, shi ma ba a nuna masa ba. Waɗanda nake jin zafinsu su ne waɗanda aka nuna wa. Yara nawa suka durƙusa gaban taswirar nan suna ihun Bamako? Yau wasunsu suna Birnin Kebbi, wasu suna zaune a kan murfin kwalbar da Yaya ya dasa a Abuja. In sun zo sallah sukan tsaya a rumfata su ce, “Allah ya jiƙan Malam, ai shi ya buɗe mana ido,” su sayi kifi su ja gilashin mota. Ko ɗaya bai taɓa leƙa filin ba.

Na rufe rumfa na koma da guduma da guntun rodi. Na bi hanyar a hankali, don sabon simintin ya fi tsohon haske, ana ganin iyaka. Na tono Bamako, na buɗe kwarin Mali, na fito da Yamai, na iso Yawuri. Daga nan ido ya daina yi mini jagora. Na san akwai Jabba, na san Binuwai na haɗuwa da Kwara a Lakwaja, amma inda hannun Yaya ya karkata da yadda ya zubar da gangarensa, ban riƙe ba. In na sara da ka, zan fasa aikinsa da hannuna. Hutun makaranta na zuwa, kuma hedimasta ya gaya mini za a kwashe wurin duka a yi filin taro.

Yaya bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Abin da ya bari yana cikin kawunanku, ku da kuka ga ruwan nan ya kai teku. Mutum ɗaya nake nema a cikinku, ya zo ya tsuguna ya nuna mini da yatsa, ni zan yi saran.

Jiya na sake zuba buta a kan Gini. Ruwa ya ratsa tsumma, ya wuce Yamai, ya iso Yawuri ya taru. Na tsaya a kansa har rana ta shanye shi.