Saran Gatari a Jikin Kaɗanyar Kaka

Ko yau in na ji ƙanshin man kaɗe a kasuwa, sai Kaka ta faɗo mini a rai. A bayan Tungan Maje muke zaune, farkon dawowar mulkin farar hula, Abuja na ta cin daji ba ta ƙoshi. Ɗan kurmi ɗaya ya rage mana, da kaɗanya a bakinsa. 'Ya'yanta Kaka take tsinta ta yi mai. Ta sha faɗa cewa wannan itacen ne kaɗai ya hana ta komawa ƙauyenmu na asali.

Wata shekara damina ta ɗauke da wuri, ciyawa ta bushe ƙayau. Masu farautar gafiya suka cinna wuta, ta bi kurmin ta lashe. Kaɗanyar ta koma baƙa ƙirin, ko ganye ɗaya babu. Masu gawayi suka fara zarya wurin Baba, suna neman ya sayar musu da ita. Kaka ba ta ja da kowa ba, kayanta kawai ta fara ɗaurewa. Ni kuwa tun yaye a ɗakinta nake kwana. Ka san yaro, ban iya faɗin cewa ba na son ta tafi ba, amma tuwo ma ya daina shiga.

Ranar da mai gatari ya zo, Baba ya ce, "Inna, sai haƙuri, itacen nan ya mutu."

"To, a sare," in ji ta, ko kai ba ta ɗago ba.

Sara ɗaya mutumin ya kai, ya tsaya. Ƙarƙashin ƙonannen ɓawon nan mai kauri, jikin jawur yake, ga wani farin ruwa na tsattsafowa kamar nono.

"Oga, wannan fa da ranta," ya ce.

Baba ya ce a bar ta. Kaka ta kwaɓa laka ta shafe raunin, tana yi wa itacen tsiya wai ashe barcin ƙarya yake. Wallahi ranar sai da na nemi ƙarin tuwo. Kafin ruwan farko ya sauka, kaɗanyar ta fito da jajayen ganye.

Yanzu gidaje ne a inda kurmin yake, damina kuma sai ta ga dama take zuwa. Kaɗanyar tana nan cikin katangar wani. In ruwa ya yi jinkiri ta zubar da ganye ta jira, in ya zo ta ci gaba. Kaka ba ta sake ɗaure kaya ba. Tana nan tare da mu har ta goya ɗana na fari.