Sama'ilu da Kwalin Taimako a Hanyar Zakirai

Sama'ilu mai facin taya ne a wani ƙauye da ke gefen hanyar Zakirai. Ya fi shekara ashirin a gindin darbejiya ɗaya, shi da famfonsa da bahon ruwa. Ba shi da yawan magana, bai kuma taɓa roƙon kowa komai ba. Shi ya sa aka yi mamaki ranar da ya ce a sa sunansa cikin masu fita neman taimako.

A daminar da ta gabata ruwa ya rusa ɗakuna da yawa a garin. Har rani ya yi nisa wasu na kwana a rumfar kara, cikinsu har da Huseina, matar wani abokinsa da ya rasu, ita da 'ya'yanta huɗu. Ƙungiyar gari ta ce a riƙa tsayawa bakin titi da kwali duk ranar kasuwa. Sai abin ya zo daidai da lokacin canjin kuɗi, lokacin da mai kuɗin ma ba ya ganin takardar naira a hannunsa.

Ranar farko tun hantsi yake tsaye inda motoci ke rage gudu. Ya ɗaga kwalin, ya sauke, ya sake ɗagawa. Yawancin fasinjoji kau da kai suke yi.

"Baba, kauce mana!" in ji wani direba. "Mu ma taimakon muke nema."

Sama'ilu ya matsa baya, kunya ta rufe shi. Har azahar kwalin ba nauyi, ƙafafunsa kuwa sun kumbura cikin silifa. Yana tunanin komawa gida sai wata mata a cikin bas ta miƙo hannu ta taga, da ƙullin gyaɗa da ledar ruwa.

"Wallahi ba ni da ko sisi, Baba. Amma ka jiƙa maƙogwaro, leɓenka duk ya bushe."

Kafin ya yi godiya motar ta ja.

Bayan la'asar wani dattijo ya biyo da amalanken shanu, ɗauke da azarar da ya kasa sayarwa. Masu saye duk ta waya suke son biya, shi kuwa ko wayar ba shi da ita. Ya tsaya ya tambayi na mene ne kwalin. Sama'ilu ya faɗa masa, a gajiye, ba ya sa ran komai.

Dattijon ya kalli shanunsa. Sai ya ce, "Kama mini nan."

Suka sauke azara shida a gefen titi.

"Malam, wa za a ce ya bayar?"

"A rufa wa yaran ɗaki kawai. Shanun nan ma sun gaji da ja."

Kasuwa bakwai Sama'ilu ya yi yana fita. Abin da aka tara bai ishi duk masu buƙata ba. An dai rufe ɗaki biyar, har da na Huseina, sauran kuwa a rumfar suka sake shiga damina. Shi ma tun daga lokacin gwiwarsa ta hagu ba ta koma daidai ba, sallah ma a zaune yake yinta wani lokaci. Da ƙungiya ta sake shirya fita neman taimako, ya ce ƙafa ba za ta iya ba. Sai ya ba su aron bencinsa, ya ce su riƙa zama bi da bi.