Maiwar Babanmu

Har yau in na lumshe ido ina ganin maiwar babanmu. Ta fi mutum a kan jaki tsawo, in iska ta ratsa ta sai ka ji kamar mata na shiƙa can nesa. Gero kowa yana da shi a ƙauyenmu na gefen Ɗambatta, amma wannan irin tun kakan Baba ake adana shi a gidanmu. Maiwa ba ta gaggawa. Sai gero ya shiga rumbu take fitar da kai, ta ƙarasa nuna da ruwan ƙarshen damina da raɓar safiya.

Sai shekarun fari suka zo. Ruwa ya riƙa ɗaukewa da wuri, maiwa ta yi ciki ta tsaya jira, ta bushe a tsaye. Damin iri ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma 'yan zangarnun da hannu ɗaya zai riƙe. In aka shuka su ruwa ya sake yaudara, shi ke nan, irin ya ƙare.

Lokacin ina gidan mijina a unguwar gaba, nakan kawo wa Baba fura gona da rana. Nan gindin tsamiya nake tarar da su shi da yayana suna musu. Yaya direban bas ne, kuma tunda ya samu mota mai rediyo ya zama malamin duniya, ba a isa a numfasa ba sai ya yi bayani.

"Baba, duniyar ce gaba ɗaya ke ɗumama," in ji shi. "Hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya tokare sama. Damina ba za ta koma yadda ka san ta ba. A bar maiwar nan, a shuka gero mai saurin nuna."

Baba ya kurɓi fura ya ce, "To, masu hayaƙin su kashe wutarsu mana. Ni da ban hura ba, ni zan bar abin ubana?"

"Kafin su kashe mun mutu da yunwa, Baba."

"Fari ba yau aka fara ba. A yi roƙon ruwa, a yi haƙuri."

"A yi roƙon, amma a sauya iri."

Ni haushin Yaya nake ji, don na san yana da gaskiya, kuma ba ya tausasa ta. Nakan jingina da tsamiya in bar su, ina kallon gajimare suna taruwa a gabas, farare tas, su ratsa ta kanmu a hankali su yi kudu. Har inuwarsu nake bi da ido tana tafiya a kan kunyoyi.

Da bazara mijina ya yanke shawarar mu ƙaura kudu, inda ɗan'uwansa ya samo mana gona. Baba ya yi faɗa sosai, ya ce gudu ba magani ba ne, ya daina yi mini magana. Na yi kuka har na gaji.

Ranar tafiya, a motar Yaya, an gama ɗaure kaya sai ga Baba tafe a hanyar gona, da wani abu naɗe cikin tsohon rawaninsa. Ya miƙo mini ta taga. Na taɓa na ji zangarnun maiwa ne.

"Baba, kai fa me za ka shuka?"

Ya nuna Yaya da haɓa, bai dube shi ba. "Geron wannan mai surutun."

Sannan ya dafa ƙunshin da ke cinyata, ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Ki kai ta inda ruwan ya koma, 'yar nan," ya ce. "Ita tana iya binsa. Ni ba zan iya ba."