Ɓeran da Ke Mayar da Faifai

Maigidana ya rasu bayan an gama ɗaurin gero, shekara uku ke nan, kuma har yau in na ambace shi sai na nemi bakin zanena. Ɗiyata da ke rubuta mini wannan ta ce in bar kukan in yi maganar. Na ce ta rubuta haka nan, tare suke fitowa.

Bai bar abin da zai haɗa ƴaƴa faɗa ba: gona, jaki ɗaya, sai tantabaru wajen ashirin. Duk tukunyata da ta tsage sai ya ɗaure musu ita a reshen dogonyaron tsakar gida. Wata tukunyar ma ina zargin bai jira ta tsage ba. Shekara arba'in ina yi masa mita a kan tsuntsayen nan. Suna ɓata mini shanya, ba ya yarda a yanka, ba ya kai su kasuwa. In na isa da faɗa sai ya ce ai ba su ci mini komai ba, dussa ce kawai da abin da suka tsinto a gona.

A ƙauyenmu na ƙasar Kwaya, in an gama kaka maigida yakan liƙe rumbu, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka an shiga noma. Kafin nan, abin da mace ta noma a gayaunarta shi ke riƙe da tukunya. Nawa geron a tsohuwar randa nake zuba shi, in rufe da faifai, in ɗora dutse. Amma kowace shekara, da sanyi ya fara ja da baya, sai in ga geron yana sauka fiye da abin da nake ɗiba. Na ce ɓera ne. Maigida ya leƙa randar, ya girgiza kai, ya ce lallai ɓerayen bana ba su da tsoron Allah. Shi da kansa ya tafi har Mallawa wajen ƙanwarsa ya ɗauko mini kyanwa.

Kyanwa uku na yi a gidan nan, ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta kama ɓeran. Ta ƙarshen fara ce mai yagaggen kunne, aikinta kwana cikin tokar murhu, da safe ta fito kamar an tono ta. Na zage ta, na zagi uwar da ta haife ta. Maigida ne ke shiga tsakani, ya ce in bar baiwar Allah, iyakar ƙoƙarinta take yi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane irin ɓera ne ke ɗage dutse, ya ci, ya mayar da faifai ba.

Takabata ta kai ni har ƙarshen sanyi. Ba na fita, sai in shimfiɗa tabarma inda hantsi ke sauka, in kalli kaji da ƴan jajayen tsuntsayen nan masu tsinta a gindin turmi, in yi kuka, in huta, in koma. A zaman nan na lura da abu biyu. Geron randa ya daina sauka. Na ce ashe dai kyanwar nan ta yi zuciya a tsufanta, har nono na zuba mata a sakaina. Na biyun kuwa, tantabaru na raguwa. Dussa ina zuba musu, ruwa ina sa musu a kasko yadda na ga maigida yana yi, amma tukwane sai ƙara zama wayam suke.

Hankalina ya tashi. Mutane kan ce tantabara ba ta zaman gidan da albarka ta ƙaura. Ni kuma kukansu na asuba shi kaɗai ya rage mini na muryar gidan da na sani. Da suka koma bakwai, na tsinci gashin tsuntsu kusa da murhu. Ban nemi wata shaida ba. Ba a kashe kyanwa, don haka na sa ta a buhu na ba ƙanin maigida da zai kai gyaɗa kasuwar Magariya a amalanke, na ce ya sake ta inda ba za ta gane hanya ba. Kowa ya ce za ta riga shi dawowa.

Kwana biyu bayan haka faccalata, matar wan maigida, ta shigo tana dogara sanda. Ta ce in aika a kwashe baƙina, sun cika mata gida suna yi wa kajinta wawaso. Na tambaye ta waɗanne baƙi. Ta ce tantabarun marigayi mana, yunwa ta koro su, shanu sun gama kiwon gonaki, babu ko ƙwaya a ƙasa. Na ce ai dussa ba ta yanke musu ba.

Ta dube ni ta yi dariya har da tari. "Dussa? Haba ƙanwata. Duk unguwar nan ke kaɗai ce ba ki sani ba. In kin tafi rijiya sai ya cika aljihu, ya zaga bayan danga ya watsa musu."

"Da geron wa, Yaya?"

"Da na wa kuwa? Rumbu a liƙe."

Da ta tafi na ɗauko tsohuwar rigarsa, ita kaɗai na ɓoye ranar da aka raba tufafinsa. Na juya aljihun. Ga ƙwayoyin gero nan maƙale cikin ɗinki. Sau nawa na wanke rigunansa na ga irinsu, na ce tsohon nan ya cika son taunar ɗanyen gero. Na zauna da rigar a cinya, na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, na roƙa masa gafara, na sake yi masa faɗa. Ya ga ana zagin kyanwa uku a kan laifinsa, iyakar abin da ya iya cewa, iyakar ƙoƙarinta take yi.

Washegari na ɗage dutsen, na cika tafin hannu, na zaga bayan danga. Na kama kaina ina waige, alhali babu mai kama ni. Ranar guda huɗu suka dawo. Kafin zafi ya kankama tukwane sun sake cika, kuma kowace shekara warhaka geron na sauka kamar da.

Kyanwar ce ba ta dawo ba. Na sa an duba mini ita a kasuwa har sau uku, babu wanda ya ga fara mai yagaggen kunne. Bayan tafiyarta ɓeraye na gaske suka shigo, suka cinye mini irin wake, suka huda buhun gyaɗa. Ashe duk shekarun nan aikinta take yi. Waɗannan kuwa ba sa mayar da faifai.